Muryar da ta Fito daga Kufai

An yi wani makiyayi da ya tattaro dabbobin da suka ɓace a duwatsu. Ya wanke su a rafi, ya kira kowa da sunansa, suka zama sabon garke. A cikinsu akwai Bunsuru, mai saurin ganewa da girman kai. Akwai kuma tsohuwar Tunkiya, wadda tun tana ƙarama take bin makiyayin, amma har yanzu kowace safiya tana kwance kusa da ƙafarsa tana sauraro.

"Gwaggo, ba ki gaji ba?" in ji Bunsuru. "Haƙoranki sun zube, har yau koyo kike yi? Ni an wanke ni a rafi, na haddace kiransa. Me ya rage?"

"Kalmomin ka haddace, ɗana," ta ce. "Muryar ba a gama saninta."

"Ke dai kanki ne ba ya riƙe abu."

Daga ranar Bunsuru ya daina zuwa sauraro. Ya ja sabbin dabbobin gefe, ya zama shi ne malaminsu.

Wata rana da la'asar, sun yi wa makiyayi nisa, kiwo ya kai su bakin wani kufai, garin da mutanensa suka tashi tun tuni. Hadari ya haɗu, tsuntsaye suka yi tsit. Ko ganye ba ya motsi. Sai aka ji kira daga wani ɗaki marar ƙyaure, cikinsa baƙi ƙirin.

"Ku zo, nawa, ku zo ku huta."

Kalmomin makiyayi ne, babu wadda ta ɓace.

"Maigida ne," in ji Bunsuru. "Ku taho."

Tunkiya ta tare hanya. "Ba shi ba ne. Shi in ya kira, a fili yake tsayawa mu ga fuskarsa. Wannan kuwa yana haɗiyar yawu tsakanin kalma da kalma."

"Tsufa ya toshe miki kunne. Kauce!"

Ya ture ta, ya shige ɗakin. Aka ji kofatonsa a kan daɓe, sannan ba a ƙara jin komai ba.

Can sai muryar ta dawo. Wannan karon irin ta Bunsuru ce, a hankali, da daɗi.

"Ku shigo mana. Akwai dusa a nan."

Wasu awaki suka ɗaga ƙafa. Tunkiya ta ce ƙasa-ƙasa, "Kada wanda ya amsa. Ku biyo ni, kada ku waiga."

Suka bi ta a guje, muryar na kiransu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har suka isa wurin makiyayi. Ya ɗauki sandarsa ya ruga kufai. Abin da ya tarar a ɗakin ƙaho ne guda, da sawun kura da ya fita ta tsagar bango. Ya dawo da ƙahon a hannu, hawaye na bin fuskarsa.

Darasin wannan labari shi ne, baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, farkon tafiya ce, ba ƙarshenta ba. Yara, wanda ya shiga sabuwar ikilisiya, wato taron masu bin Yesu, ya ce ya gama koyo, ranar da maƙaryaci ya ari kalmomin gaskiya ba zai bambance ba. Mai bin Yesu almajiri ne har ranar da ya bar duniya.