Gidan Bakin Tasha

Ranar Talata, 14 ga watan Agusta, 2007, gari ya waye a Funtuwa da yayyafi mai sanyi, irin wanda ba ya tsananta kuma ba ya ɗaukewa. A safiyar nan Malam Barau, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya tara 'ya'yansa uku a ɗakinsa: Yahanasu babba, sai Ɗahiru, sai auta Mamuda. Da su huɗu ne. Nuhu ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mata, Saratu, da 'yan mata biyu ƙanana. Kowa ya san hukuncin: ɗan da ya riga mahaifinsa mutuwa, 'ya'yansa ba su gadon kakansu muddin akwai baffanni a raye. Don haka tsohon ya ce ya ba marayun nan kyautar ƙaramin gidansa na bakin tasha. Aka shafa fatiha, ya ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Yahanasu ta taɓa ganin irin wannan kyauta ta rushe a dangin mijinta. Ta kwana biyu tana juya abin, domin ba ƙaramin abu ba ne 'ya ta ambata wa mahaifinta mutuwarsa. Sannan ta koma ta durƙusa.

Ta ce, "Baba, kyautar da ba a karɓa ba, ba ta tabbata ba. In ciwon ajali ya kwantar da kai kafin yaran nan su shiga gidan, ya koma gado. Mu za mu raba shi."

Ya dube ta ya ce, "Wato har kin fara auna mini likkafani. Tashi ki ba ni wuri."

Ya aika aka tambayi malamai, suka ce gaskiya ta faɗa. Ya yi aiki da maganarta, amma daga ranar bai ƙara amsa gaisuwarta ba sai da ɗaga kai. Ga shi da ta yi shiru, da babu mai zarginta, kuma da tana da rabo a gidan.

Ɗahiru kuwa shi ke zaune a gidan, shekara goma sha ɗaya. Shi ya haƙa rijiyar, shi ya dasa lemon tsakar gida, a bayan ɗakin aka binne cibiyar 'ya'yansa huɗu. Muddin yana ciki, marayun ba su karɓa ba. Abokansa suka ce ya nemi a ɗaga masa zuwa kaka, ai babu mai tashin iyali ana tsakiyar ruwa. Ya dubi ƙafafun mahaifinsa da suka fara kumburi, ya san abin da jinkirin nan zai iya haifarwa. Ya kwashe kayansa a amalanke zuwa wasu ɗakuna biyu masu yoyo a bayan gari. Matarsa ta zarge shi da fitar da nasa 'ya'yan don na wani, ta tafi gidan iyayenta da ƙananan biyu. Har yau ba ta dawo ba.

Gida ya zama fanko, amma babu mai shiga. Saratu tana Gumel wurin iyayenta, ta kuma rantse ba za ta sake taka Funtuwa ba. Dalili kuwa Mamuda ne. Ranar da ta fita takaba ya ce mata, "To, me kuma ya rage miki a gidan nan?" An aika mata manzanni biyu, suka dawo hannu rabbana. Mamuda mutum ne da bai taɓa ba kowa haƙuri ba, amma ya shiga mota ya tafi. Kwana uku yana zaune a zauren mahaifinta, ba a ba shi komai ba sai ruwan sha. A rana ta uku ya cire hularsa a gaban danginta ya ajiye a ƙasa.

Ya ce, "Yaya Saratu, ni na yi ɓarnar. Kada ki sa yara su biya. Kaffarar rantsuwarki a wuyana."

Saratu ta ce, "Ba don kai ba, Mamuda. Don Nuhu."

A gaban liman da maƙwabta biyu Malam Barau ya danƙa wa Saratu makulli da sunan 'ya'yanta. Ta share tsakar gida, ta hura wuta, suka kwana. Bayan kwana goma sha ɗaya ciwo ya shanye wa tsohon ɓarin jiki, ya tafi da harshensa. Bai sake tashi ba. Da aka zo rabon gado, gidan bakin tasha bai shiga ciki ba.

Saura abu ɗaya. Washegarin ba da makulli, tsohon ya rubuta takarda ya liƙe, ya ba amininsa Malam Isuhu ajiya. Ya ce ta wanda ya fi fitar da shi kunyar Nuhu ce a cikin su ukun, a ciki kuma ya sa albarkar da bai iya faɗa da baki ba. Sunan ne ya ce zai yi tunani tukuna. Ciwo bai ba shi lokaci ba.

Dukansu sun san da takardar. Yahanasu tana Jos, ba ta san ko mahaifinta ya tafi yana fushi da ita ba. Ɗahiru yana cikin ɗakunansa masu yoyo. Mamuda ya koma Legas, bai cika zuwa gida ba. Babu wanda ya tambaya, babu kuma wanda ya daina jira.

Shekara uku takardar tana akwatin Malam Isuhu. Da ya ga nasa ƙafafun sun fara kumbura, ya tuna cewa abin da ba a miƙa ba, ba a ba da shi ba. Ya rubuta suna ɗaya a bayanta, ya dogara sandarsa har gidan waya, ya jefa ta.

Da Yahanasu ta yi shiru, da babu wanda ya motsa. Da Ɗahiru ya jira kaka, da lokaci ya wuce. Da Mamuda bai cire hularsa ba, da babu hannun da zai karɓi makulli.

To, ku da kuka ji, sunan wa ya kamata Malam Isuhu ya rubuta?