Ludayin da Aka Ƙi Karɓa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ke bakin fadama, tun zamanin da ba a san injin ban-ruwa ba, sai jigo da guga. Sunansa Nomau. Ku matso, jama'a. Ku da ke can baya ku rage hira, don labarin nan namu ne, ni da ku.

Nomau mai lambu ne. Albasa yake nomawa, da tattasai, da ɗan yalo a gefe. Da ya idar da sallar asuba sai fadama, ba ya dawowa sai rana ta take. In ka zauna da shi ba za ka ji labarin kowa ba. Hirarsa ba ta wuce, "Yau raɓa ta sauka sosai," ko "Iskar nan ta juya, zafi na tafe," ko "Tsutsa ta shiga mini yalo." Mutane suna cewa hirarsa ba gishiri. A bakin lambunsa akwai itacen aswaki. Yakan yanko, ya daddatsa, ya zuba a ɗan kwando a ƙofar masallaci, mai so ya ɗauka.

To, shi Nomau ba shi da haƙoran gaba. Tun yana saurayi sandar jigo ta kuɓuce masa ta doke shi a baki, suka zube.

A garin kuma akwai wani dillali, ana ce masa Shekarau. Allah ya ba shi baki. In ya zauna a majalisa ba mai tashi. Ga farin haƙori, ga wushirya, in ya yi dariya sai ya buɗe baki duka don a gani. Wata rana da yamma ana zaune a gindin ceɗiya, Nomau ya zo wucewa da kwandonsa, ya yi sallama. Sai Shekarau ya ce, "Jama'a, ku ga ikon Allah! Mai rabon aswaki, shi kuma me zai goge? Giɓau, dasashi kake gogewa?"

Aka fashe da dariya. Har da masu furfura, har da masu carbi a hannu. Nomau ya sa tafin hannu ya rufe bakinsa, ya ce, "Allah ya ba mu alheri," ya wuce.

Ku saurara. Magana ɗaya ce, wanda ya faɗe ta ma kafin magariba ya manta. Amma sunan ya zauna. Mata a cikin gida sai su ce a sayo albasa wajen Giɓau. A kasuwa, Giɓau. A wajen jana'iza ma, Giɓau. Daga ranar ba a ƙara ganin dariyar Nomau a fili ba. In abin dariya ya zo, sai hannu ya riga ta zuwa bakin.

Aka yi shekaru a haka. Shi kuwa Shekarau mutum ne mai son goro da rake da alewa, kuma bai damu da aswaki ba, tunda na gaban farare ne. Ashe na ciki, na tauna, ɗaya ya yi rami. Ya fara da tsami in ya sha ruwan randa. Ya koma zogi. Daga nan dasashi ya kumbura, ya tara mugunya, baki ya soma wari.

Kun san sana'ar dillali da baki ake yin ta, a matso kusa, a yi raɗa a kunne. Sai ga shi in ya matso, mai saye ya ja da baya. A sahun salla, na kusa da shi ya kau da kai. A majalisa aka riƙa bar masa tabarma shi kaɗai. Kuma a duk garin nan ba wanda ya kira shi gefe ya gaya masa. Sai ya ba da baya a toshe hanci, a ƙyafta wa juna ido. Da ya gane, sai ya shiga jan amawali yana rufe baki, maganarsa ta ragu, ciniki ya gudu.

Ana nan, cikin bazara, aka yi suna a gidan wani mutum mai suna Barau, wanda shi ma ya sha ba'ar Shekarau. Bayan an raɗa suna an yi addu'a, aka fito da ƙwaryar fura, ludayi ɗaya yana zagayawa. Ya zo kan Shekarau. Ya sauke amawali, kuncinsa a kumbure, ya ɗan kurɓa da ƙyar, ya miƙa wa na kusa da shi.

Na kusa da shi ya dubi ƙasa. Shekarau ya miƙa wa na gaba, shi kuma ya ce ya ƙoshi. Hannun Shekarau ya tsaya a sama da ludayi. Duk zauren ba wanda ya karɓa.

Sai Barau ya hango Nomau a bakin ƙofa, wajen takalma. Ya ce, "Yauwa! Giɓau, yau ranarka ce. Shi ya raɗa maka suna, ga shi kuwa a gidan suna muke. Raɗa masa nasa!"

Aka soma gumtse dariya. Kowa ya juyo yana jira.

'Yan'uwa, ku tsaya nan tukuna. Kowa ya tambayi zuciyarsa. Mutumin da ya hana ka dariya shekara da shekaru, ga shi an ɗora maka shi a faifai, jama'a na bayanka. Kalma ɗaya za ka faɗa, ta bi shi har kabari. Da kai ne, me za ka yi?

Nomau ya tashi. Ya ratsa mutane, ya zo ya zauna jikin Shekarau, gwiwa da gwiwa. Ya karɓi ludayin. Bai ɗauraye ba, bai goge da bakin riga ba. Ya yi bisimilla, ya ɗebo, ya sha. Ya ƙara. Sannan ya ce, "Barau, furar nan ta ji nono. Allah ya raya yaro. Ni dai zafin nan na bana ya yi yawa, ina jin ruwa na kusa."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Dariya ta mutu a bakin masu ita. Wani dattijo ya miƙo hannu a hankali ya karɓi ludayin, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Barau ya ce bari ya leƙa cikin gida, bai sake fitowa ba har aka watse.

Washegari da sassafe Nomau ya yi sallama a ƙofar Shekarau, da kanumfari a ƙulle cikin tsumma. Shekarau ya fito, kumburin ya haura har gindin ido, jikinsa zafi zau. Ya ce, "Me ya kawo ka? Ka zo ka ƙara gani ne?"

Nomau ya ce, "Malam Shekarau, na zo ne a kan haƙorin nan. Zan gaya maka abin da ba a gaya maka ba: ya ruɓe, kuma yana wari. Wari ba komai ba ne, ciwo ne, kowa na iya samu. Abin da nake tsoro kumburin nan. Ka danna kanumfarin nan a wurin, zai rage zogi, amma ba zai warkar ba. Sai an cire."

Shekarau ya ce, "In je gun wanzamin garin nan, in yi ihu, kasuwa ta ji?"

Nomau ya ce, "Akwai wani a ƙauyen hayin rafi, hannunsa da sauƙi, ba wanda ya san ka a can. Bari in kawo jakina."

To, ku ji inda jarrabawar take. Kwanakin nan Nomau ya cire albasarsa duka, noman rani guda, ya baza ta a fili tana shan iska kafin a ɗaure. Da ya koma gida ɗaukar jaki, matarsa Tabawa ta ce, "Malam, ka dubi gabas kuwa? Kai da bakinka ka ce ruwa na kusa. Ka bari mu kwashe albasar nan, gobe ku tafi."

Nomau ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya daɗe yana dubawa, don ya fi kowa sanin abin da ya gani. Ya ce, "Tabawa, na ga idon mutumin nan. Ban tabbata yana da gobe ba. Ki kwashe abin da kika iya."

Ta ce, "Mutumin da ya mai da kai abin dariya?"

Ya ce, "Shi."

Suka tafi, Shekarau a kan jaki, Nomau a ƙasa yana riƙe da shi. Wanzami ya duba ya girgiza kai, ya ce an kusa makara, kuma ba ɗaya ba ne, na kusa da shi ma ya tafi. Ya ɗauko awartaki, ya ce a riƙe masa kan. Nomau ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan Shekarau a cinyarsa, ya danne. Shekarau ya yi ihu, ya yi kuka kamar ba namiji ba, jini da mugunya suka ɓata wa Nomau riga. Ana cikin haka aka yi tsawa. Iska ta taso, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Nomau ya ji saukarsa a kan rufin zauren wanzamin. Bai sassauta hannunsa ba.

Rafi ya kawo, ba su samu ƙetarewa ba sai washegari. Tabawa ita kaɗai ta kwashe abin da mace ɗaya za ta iya. Saura ruwa ya bi ta kansa, wani ya tafi da shi, wani ya bar shi cikin taɓo.

Nomau bai faɗa wa Shekarau ba. Ya riƙa zuwa yana tuna masa ya kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri, har kumburi ya sauka. Sai ranar da Shekarau ya fara fita kasuwa ya ji ana cewa bana ba albasar Giɓau, ruwan farko ya cinye ta mai lambu ba ya nan. Ya tambayi wace rana ce. Aka gaya masa.

Bai koma gida ba, ya miƙe sai lambu. Tun daga nesa warin ruɓaɓɓiyar albasa ya tare shi. Ya iske Nomau da Tabawa a tsugune suna tsince mai ɗan dama. Ya tsaya a kansu. Da ƙyar ya ce, "Nomau." Rabon da ya kira shi da sunan nan har ya manta. Ya ce, "Don Allah ka zage ni. Ka faɗa mini wata magana, ko na samu sauƙi. Wannan abin da ka yi mini ya fi ƙarfina."

Nomau ya ce, "Me zan ce maka? Ba zan ɓoye maka ba, sunan da ka laƙaba mini ya yi mini ciwo. Na daɗe ina cin abinci a ɓoye don kada a kalli bakina. Shi ya sa da na ga hannunka a sama da ludayi, na san abin da kake ji. Ban so wa kowa shi ba." Ya ɗago wata albasa ya matsa, ya jefar. Ya ce, "In ka zo taimako ne, ga kwando can. Mai tauri a nan, mai laushi a rami."

Shekarau ya tuɓe babbar riga ya rataye a jikin jigo, ya tsuguna cikin taɓo. Yana tsinta yana share ido, har la'asar bai ɗago kai ya dubi Tabawa ba.

Kada ku zaci zan ce muku Nomau ya tono tukunyar zinariya a lambu. A'a. Shekarar nan sun sha wuya, sai da ya yi ƙodago a gonakin mutane da damina kafin su ga kaka. Sakamakonsa yana wurin wanda ba ya mantuwa. Shekarau ya koma dillanci, amma har ya mutu bai sake laƙaba wa kowa suna ba, kuma in an fara ba'a a majalisa sai ya ɗauki takalmansa. Sauran mutanen gari kuwa, su da suka yi dariya sau biyu, aka daɗe in Nomau ya yi musu sallama suna amsawa kai a ƙasa.

To, jama'a, mu dawo kanmu. A cikin labarin nan ba na jin tsoron mu zama Shekarau kamar yadda nake tsoron mu zama 'yan zauren nan. Su ba su ƙirƙiri ba'a ba, dariya kawai suka yi. Ba su zagi mara lafiya ba, shiru kawai suka yi masa, suka toshe hanci a bayansa. Mu nawa ne a nan muke kiran wani da sunan da muka san ba ya so? Mu nawa muka san aibin ɗan'uwanmu, unguwa duka ta ji daga bakinmu, shi kaɗai ne ba mu gaya wa ba? Allah ya hana mu jifan juna da munanan sunaye, ya kuma yi alkawarin sutura ga mai suturta ɗan'uwansa.

Ku riƙe aswaki, sunna ce, kada ku jira sai haƙori ya kai ku gaban awartaki. Amma wanda ya goge haƙoransa fes, ya fito ya ci naman ɗan'uwansa da su, bai tsabtace bakinsa ba. In ka ga aibi, ka kira mai shi gefe, ka faɗa masa a fuskarsa da tausayi, ka taimaka masa ya gyara. In ka ga an taru a kan mutum ɗaya ana dariya, ka tashi ka je ka zauna kusa da shi. Wanda kuma ya san akwai wanda yake sunkuyar da kai saboda wata magana tasa, kada ya bari rana ta faɗi yau bai je ya nemi gafararsa ba.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya ba mu kunyar da za ta gyara mu tun muna da rai. Ku ce amin.