Ma'ajiyar Wutar Mubashir

Akwai wani ɗan unguwar Nima mai suna Mubashir, wanda Allah ya ba ƙwaƙwalwa, sai dai girman kai ya yi masa yawa.

A jami'a yake bincike. Yakan ƙona ɓawon kwakwa ya zama gawayi, ya niƙe shi har ya fi kwalli laushi, ya shafa a kan wani ƙyalle. Ƙyallen nan kan sha wutar lantarki nan da nan ya riƙe, a lanƙwasa shi yadda aka so, a jona waya ta farfaɗo.

Ɓawon kuwa uwarsa Amama ce ke tsinto masa wajen masu sayar da kwakwa a Maamobi, bayan ta tashi daga tallan koko.

Da sunansa ya fara fita, sai Mubashir ya canja lambar waya. Wai mutanen Zongo sun cika kira, yau suna, gobe biki. Amama kaɗai ya sa wa sabuwar lambar a 'yar wayarta, ya ce kada ta ba kowa.

Ranar da ƙyallen farko ya yi aiki, ya kawo ya nuna mata.

"Ka bar mini shi mana," in ji ta. "Dumso, ɗauke wutan nan, ya dame mu, kullum wayana a mace."

"Mma, wannan ba na Nima ba ne tukuna. Sai manya sun gani a Kumasi."

Ta ce Allah ya sa albarka. Ya naɗe abinsa ya tafi taron masana a Kumasi.

Yana can aka ɗauke wuta a unguwar, ta ƙi dawowa. Ran nan da safe Amama ta faɗi a bakin murhu, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Ƙanwarsa Azara ta ɗauki wayar, ta tarar a mace. Aka bi gida-gida, babu mai lambar Mubashir. Maƙwabcinsu Jibirilu ya ruga da wayar har unguwar Circle neman mai janareta. Kafin ta kunnu an yi azahar, an yi wanka, an sa likkafani.

Liman ya ce gawa ba ta jira, Kumasi kuma ba nan kusa ba ce.

Mubashir ya amsa kiran a tsakiyar masu tafa masa. Ya ce to. Ya shiga mota. Bai yi kuka ba, bai ji komai ba, sai kallon hanya.

Ya iso ya tarar da maza zaune a kan benci, ƙafafunsu duk jar ƙasar maƙabarta. Mutanen da ya guje wa kiransu, su suka ɗauki uwarsa. Kowa ya miƙo hannu ya ce ya haƙuri, shi kuma yana amsawa kamar da bakin wani.

A cikin gida ya tsaya gaban Azara.

"Me ya sa ke ma ba ki da lambar?"

Ta dube shi, idonta a bushe.

"Na roƙa, Yaya. Mma ya hana ni. Ya ce ka ce kar a ba kowa, shi ba zai saɓa maka ba."

Darasi: Duk ƙofar da ka rufe don kada naka su dame ka, ta nan labarin da ya fi komai zai zo ya tsaya a waje. Alherin da ke hannunka yau, fara da na gida, kada ka jira manya su gani. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda ya daɗe bai kira gida ba.