Bakin Abin Feshi Da Ya Toshe

Akwai wani likita a wani asibiti wajen Kura, Dakta Abdulsamad, da ake turo wa ɗalibai koyon aiki. Shi in an tsaya kan mara lafiya, ɗalibin da ya fi kowa shiru yake fara yi wa tambaya.

Ran nan da hantsi aka kawo Malam Sammani daga gonar tumatir. Gumi sharkaf, yawu na dalala, numfashi da ƙyar. Matarsa Kubra sai salati take, tana cewa iska ce.

Likita ya sa masa abin numfashi, ya ce, "Feshin maganin ƙwari ya yi?"

Kubra ta ce, "Ko farawa bai yi ba, likita. Bakin abin feshin ne ya toshe."

Can baya wata ɗaliba ta motsa baki ta fasa. Ummul-Khairi ce, 'yar manomi daga Bunkure. A wani asibitin an taɓa ce mata 'yar ƙauye gaban mutane, tun daga nan bakinta ya mutu.

"Ummu, na ga kin so magana."

"Ranka ya daɗe, kada in yi kuskure."

"Yi shi a gabana, gyara nawa ne. Maza!"

Ta dubi Kubra. "Inna, da ya toshe, da baki ya busa?"

"Kullum ai haka yake."

"Haka babanmu yake yi. Maganin ne ya shiga bakinsa."

Likita ya buɗe idon Sammani, ƙwayar ta tsuke kamar kan allura. Nan take aka tuɓe masa kaya, aka wanke shi, aka fara allurar karya guba. Kafin azahar numfashi ya dawo. Allahu Akbar! Wallahi ni mai ba ku labarin nan, nawa maigidan ma haka yake busawa.

Likita ya tara ɗaliban ya ce, "Da Kubra ta ce bai yi feshi ba, saura kaɗan in nemi wata cutar. Shekara ashirin ina aikin nan, ban san ana busawa ba. Yau Ummu ce malamarmu."

Da Sammani ya farfaɗo, sai cewa ya yi, "Wa ke gadin tumatirin?"

Kubra ta share hawaye. "Ji shi! Gaida yarinyar nan tukuna, sarkin busa."

Darasi: Malamin da ya tsorata ɗalibi ya rufe bakin da wata rana zai ceci rai. Don Allah ku tura wa malaman asibiti, ku tura wa masu feshi.