Kwana Uku Gado Yana Jiran Ƙaninsa

An yi wani mutum a garin nan namu na Injamena, a unguwar Digel. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da rai har yanzu, 'ya'yansa kuma sun girma. Kirista ne ɗan Kirista. Tare muke sujada da shi a ɗakin nan, kuma idan aka ta da waƙa, muryarsa ta fi ta kowa.

Mahaifinsa, Baba Zakariyya, mahauci ne. Daga ƙasar Maradi ya taso da iyalinsa a wata shekarar yunwa, ya zauna a nan, ya kafa rumfar nama, Allah ya sa albarka har ya gina gida mai ɗaki biyar. 'Ya'yansa maza biyu ne. Babban, Gado, shi ne mai fita ƙauyuka sayen shanu. Ƙaramin, wanda nake ba ku labarinsa, shi ne mai tsare rumfa.

Mutumin nan ba ya shan giya, ba ya neman mata, bai taɓa zagin kowa a kasuwa ba. Ciwonsa ɗaya ne, tsoron gobe. Yana cin tuwo yana tunanin ranar da babu. Kowace Lahadi yana roƙon abincin yini tare da mu, amma zuciyarsa ba ta yarda za a ba shi ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne ranar da Baba zai rasu. Gado ne babba. Gida zai zama nasa, rumfa ta zama tasa. Ni kuma fa? Gado bai taɓa cewa zai kore shi ba. Shi kaɗai yake wannan shari'ar a cikin kansa, shekara da shekaru.

Wata damina Gado ya tafi sayen shanu, aka yi mako biyu ba labarinsa. Ran nan da azahar waya ta yi ƙara a rumfa, mutumin ya ɗauka.

"Ni ne Gado. Mota ta kife da mu. Ƙafata ta karye wuri biyu, ina hannun mai ɗori a wani ƙauye bayan Masakori. Wayata ta ɓace, ta wani baƙo na ara, lambarka kaɗai na riƙe a ka. Shanu suna wurin makiyaya, za su kawo maka. Ka gaya wa Baba ina da rai, kada hankalinsa ya tashi."

Ya ce, "To, Yaya. Allah ya ƙara sauƙi."

A lokacin Baba Zakariyya yana kwance, idonsa ya dushe, jiki ya yi nauyi. Da mutumin ya koma gida, tsohon ya ji takunsa ya ce, "Ba labarin yayanka?"

Ya 'yan'uwa, kalma biyu ce tsakaninsa da gaskiya. Yana raye. Amma tsoron nan na shekaru ya riga shi buɗe baki. Ya durƙusa ya ce, "Baba, na so in ɓoye maka. An ce ya sayar da shanun, ya bi masu haƙar zinariya arewa."

Tsohon ya juya fuskarsa bango.

Da makiyaya suka kawo shanun, mutumin ya tare su a bayan gari, ya sayar a ɓoye. Bayan wata guda Baba Zakariyya ya kira mai unguwa da dattawan ikilisiya biyu, ya dangwala yatsa a takarda, ya ba ƙaramin ɗansa gida da rumfa. Ya ɗora masa hannu a ka, ya sa masa albarkar da ya ajiye wa babban. Bai ƙara wata ba ya rasu, yana zaton ɗan farinsa ya ci amanarsa.

Wata huɗu bayan haɗarin Gado ya shigo Digel da sanduna biyu a hammata. Ya tarar an binne mahaifinsa, mutane suna kau da kai idan ya gaishe su. A gaban dattawa ya tambayi ƙaninsa, "Ban kira ka ba?"

Mutumin ya dube shi ya ce, "Ba ka kira ni ba, Yaya."

Gado ba shi da shaida. Hawaye suna zuba ya ce, "Ka ji da kyau. Wata rana zan dawo." Ya ɗauki matarsa Zuwaira da 'ya'yansu, suka tafi kudu, garin Mundu.

To, mutumin ya samu abin da yake so. Ya huta kuwa? Shekara goma sha huɗu ya yi a gidan nan, ban ga rana ɗaya da ya sake ba. Ya ƙara tsawon katanga. Ya sauya ƙofa, ya sa ta ƙarfe. Idan mota ta tsaya a layinsu sai ya ajiye lomar da ke hannunsa ya kasa kunne. Ciniki yana ta haɓaka, shi yana ta ramewa. Matarsa Ramatu, wadda ba ta san komai ba, ta kai shi asibiti sau uku, likita ya ce bai ga ciwo ba.

Sai wata Talata wani direba ya tsaya a rumfa da saƙo. Gado yana tafe ranar Juma'a, kuma ba shi kaɗai ba ne, da mota cike da maza.

Washegari da safe mutumin ya zo wurina. Ya faɗa mini duk abin da na faɗa muku. Na ce masa, "Ɗan'uwa, yau Allah ya buɗe maka ƙofa. Ranar Juma'a ka tare shi a bakin hanya, ka durƙusa, ka faɗi gaskiya a gaban mutane. Zan tsaya kusa da kai."

Ya ce, "Fasto, idan ya karɓe gidan, ina zan kai yara?"

Na ce, "Wa ya ciyar da mahaifinku ran da ya shigo garin nan ba shi da ko tabarma?"

Ya ce zai yi tunani. Na yi masa addu'a, ya amsa da amin.

Daga wurina bai zame ko'ina ba sai unguwar Marjandafak, wurin wani dillalin gidaje mai suna Ghali. Suka shirya a mayar da takardun gida da na rumfa da sunan Ghali na ɗan lokaci, don idan Gado ya zo ya tarar babu abin karɓa. Suka je gaban mai unguwa, mutumin ya rantse cewa sayarwa ce ta gaskiya. Ranar Alhamis ya ce wa Ramatu zai je duba wasu shanu, ya haye gadar kogi zuwa garin Kusiri a ƙetaren iyaka, ya kashe wayarsa.

Ranar Juma'a da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidan. Ramatu ta aiko aka kira ni. Da na isa, na ga mazan da ake tsoro. 'Yan ikilisiyarsu ne na Mundu, sun zo ne don su tallafe shi, domin Gado ba ya iya tsayuwa. Ciwon hanta ya cinye shi, idanunsa sun yi rawaya. A bayan motar ga raguna biyu a ɗaure, tsarabar da ya kawo wa ƙaninsa.

Aka shimfiɗa masa a gindin darbejiyar tsakar gida. Ya kama hannuna ya ce, "Fasto, ban zo karɓar komai ba. Da sanduna biyu na bar garin nan. Na yi dako, na yi kiwon shanun wasu, yau ina da gida da garke, 'ya'yana sun yi karatu. Allah ya ba ni har ya yi yawa. Shekara goma ina riƙe da yaron nan a zuciyata kamar garwashi, har Ubangiji ya sauke mini. Likita ya ce kwanana ya ƙare. Ina so in gan shi, in ce masa na yafe, mu je kabarin Baba tare. Shi ke nan."

Muka kira wayarsa, a kashe. Muka aika kasuwar shanu, ba a gan shi ba.

Kwana uku Gado yana kwance a wurin nan, fuskarsa tana duban ƙofa. Ya ƙi a shigar da shi ɗaki. Duk lokacin da ƙofar ƙarfen ta yi ƙara sai ya ɗaga kai, ya ga ba shi ba ne, ya mayar. Ranar Lahadi na tarar yana tambayar Ramatu, "Har yanzu yana son tuwon gero da miyar kuka?" Ranar Litinin jikinsa ya rikice, mutanensa suka ce dole a koma. Da za su ɗora shi a mota ya ce mini, "Ka gaya masa ba na bin sa komai. Ka ce ya kwantar da hankalinsa." Bayan kwana tara ya rasu a Mundu.

Da mutumin ya tabbata an tafi, ya dawo. Ramatu ta riga ta ji komai daga bakin Zuwaira, matar Gado, wadda ta rako shi. Ta ce masa, "Ka bar tsoho ya mutu yana kuka da ɗansa. Ka bar yayanka ya kwana uku yana kallon ƙofa. Ni kuma shekara goma sha huɗu ina dafa maka abinci ina tausayinka." Ta kwashe yara ta koma wurin iyayenta.

Ya tafi wurin Ghali karɓar takardu. Ghali ya ce, "Waɗanne takardu? Ba kai ka rantse a gaban mai unguwa ba?" Wa zai tsaya masa shaida? Kafin ƙarshen wata aka fitar da kayansa waje.

Na same shi, na isar masa da saƙon yayansa kalma da kalma. Ya 'yan'uwa, abin da ya ce shi ne ya fi tsorata ni a duk labarin nan. Ya ce, "Dabara ce, Fasto. Bai mutu ba. So yake in saki jiki." Mutumin da ya yi rayuwarsa da dabara ya kai inda bai iya yarda da gafara ba. Yau a barandar wani shago yake zaune kusa da kasuwa. Makon jiya na kai masa abinci. Muna magana wata tasi ta tsaya, ya tashi da gudu ya ɓuya bayan tarin buhuna.

Yanzu ku zo mu dubi kakanmu Yakubu a cikin Maganar Allah. Ya fi mutumin nan kirki ne? A'a. Shi ma ƙani ne. Shi ma ya ruɗi mahaifinsa da idonsa ya dushe, ya ƙwace albarkar yayansa Isuwa. Ya gudu da sanda kaɗai a hannu. Shekara ashirin yana baƙunci, kawunsa yana yi masa irin abin da ya yi wa wasu. Amma wa ya ciyar da shi? Albarkar da ya sato ba ta sa masa ko akuya ɗaya a hannu ranar da ya gudu ba. Allah ne ya bi shi, ya ba shi iyali da garkuna, don alherinsa, ba don wayon Yakubu ba.

Shi ma ranar ta zo masa. Aka ce Isuwa yana tafe da mutum ɗari huɗu. Tsoro ya kama shi, ya fara dabarunsa na da, ya raba jama'a, ya aika kyautai gaba. Amma a bakin rafi ya rage shi kaɗai, Allah ya tare shi, suka yi kokawa har gari ya waye. Aka tambaye shi sunansa, ya faɗa. Sunan nan kuwa na mai ƙwace ne. Bai ɓoye ba. Sai da ya yarda da ko wane ne shi, sannan aka ba shi sabon suna. Ya tashi yana ɗingishi, bai iya gudu kuma. Ya wuce gaban iyalinsa, ya nufi yayansa yana rusunawa. Isuwa ya sheƙo ya rungume shi, suka yi kuka.

Laifinsu iri ɗaya ne, tsoronsu iri ɗaya. Dukansu biyu gafara ce take tahowa a hanya, ba su sani ba. Yakubu ya haye ruwa ya nufi ɗan'uwansa. Namu ya haye ruwa ya guje masa.

Kai da kake saurarona, me ka riƙe a hannunka wanda ba naka ba ne, don kana tsoron idan ka sake za ka kwana da yunwa? Ke 'yar'uwa, wace ƙarya kike gadi shekara da shekaru? Wa kuke gudun haɗuwa da shi a kasuwa? Kuna zaton Allah da ya ba Gado garke bayan ya fita da sanduna biyu zai kasa ciyar da ku idan kun faɗi gaskiya? Zunubin da ya hallaka mutumin nan ba ƙaryar farko ba ce kawai. Yesu ya mutu domin ƙarya mafi muni. Abin da ya hallaka shi shi ne ya ƙi sauyawa ranar da aka kira shi. Kuma ku sani, wanda kuka cuta ba zai zauna yana jiranku har abada ba. Shi ma mutum ne, kwanansa ƙidayayyu ne.

Kada wannan ya wuce yau. Idan an tashi, kafin ku ci abinci, ku nemi mutumin, ku faɗa da bakinku.

Mu sunkuyar da kai. Ya Uba, kai da ka tare Yakubu a bakin rafi, ka tare mu. Ka karya wayonmu tun muna da sauran lokaci. Ka koya mana cewa abincinmu daga hannunka yake. Ka ji ƙan ɗan'uwanmu da ke bakin kasuwa, ka buɗe kunnensa ya ji cewa an yafe masa. Allah ya kiyaye mu da gudun ranar tubanmu, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.