Monitar Aji Uku

Ranar Alhamis, sha huɗu ga Maris, 1991, bayan an kaɗa ƙararrawar tashi, aka fara zaluntar Tabawa. Shekararta tara, tana aji uku a firamaren Rafin Marke. Al'adar makarantar, wadda ta zo ta ɗaya ita ce monita, kuma monita ke ɗora littattafan aiki a ka ta kai gidan malamin aji ya duba. Ƙoƙarinta ne ya kai ta ƙofar mutumin nan. Abin da ya yi mata ba na faɗi a bainar jama'a ba ne, kuma bai tsaya a rana ɗaya ba.

Da ta gaya wa uwarta, magana ta kai ga kwamitin iyayen yara. Dattawa bakwai suka zauna, suka ga sunan makaranta ya fi musu hawayen yarinya. Ran Litinin aka durƙusar da ita a asambili, aka sa ta ce ƙarya ta yi, ta kuma roƙi gafararsa.

Haka Tabawa ta girma ba ta yarda da kowa ba. Yau ta ƙaunace ka kamar ta haɗiye ka, gobe ka yi jinkirin amsa gaisuwarta ta ce ai dama ka tsane ta, ta riga ka yanke zumunci kafin kai ka yanke. Aure uku ta yi, duk suka mutu. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce baƙin hali. Ita kanta ta fara zargin ko da gaske ƙaryar ta yi. Sau da yawa tana jin gara ta bar duniya.

Amma tana da ƙawaye uku da suka yi aji ɗaya.

Ta farko Kulu ce, tela. Shekara ashirin Tabawa tana zaginta, tana korarta, har ɗinkin sallar da ta yi mata kyauta ta taɓa yagawa a gabanta. Kulu sai ta tattara ƙyallayen ta ce, "Ke dai kin iya ɓarna, 'yar nan. Gobe ina nan tafe, in kin ga dama ki rufe ƙofa." Wata rana da hantsi Tabawa ta aiko mata da almakashinta da ta ara tun bara, da saƙon a yafe mata. Kulu ta bar keke da zare a allura, ta ruga ba takalmi, ta same ta a bakin rijiya. Ta rungume ta ta baya, ta sha duka da cizo, ba ta sake ta ba.

Ta biyu Asabe ce, nas a birni. Dangi sun riga sun kira mai hayaƙi da turare, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, wannan ba aljani ba ne. Mutum ne ya yi mata, kuma kun san shi." Ta kai ta wurin likitar ƙwaƙwalwa, wadda ta fahimtar da ita cewa yaron da aka cuta aka kuma ƙaryata yakan girma da tsoron kowa zai yashe shi, kuma ana samun sauƙi. Shekara biyu Asabe tana raka ta kowace Laraba. Fushin ya lafa, amma zargin kanta bai tafi ba.

Ta uku Indo ce, wadda aka ba monita bayan an sauke Tabawa. Matar aure ce mai 'ya'ya biyar da mutunci a gari, ba wanda ya taɓa jin komai a kanta. A taron tsofaffin ɗalibai, ana shirin karrama malamin nan da babbar riga, ta miƙe, ga mijinta zaune, ta ce, "Tabawa ba ta yi ƙarya ba. Ni na ɗauki littattafan bayanta." Kafin a tashi, wasu mata huɗu sun miƙe sun ce su ma ya yi musu. Ranar Tabawa ta yi kukan da ta riƙe shekara talatin.

Uku daga dattawan nan bakwai suna raye, suna zama a sahun gaba a masallaci. Har yau ba wanda ya buɗe baki. Ba aike a asirce ake nema ba: su da malamin su fito gaban gari, su kira sunanta, su ba ta haƙuri, hukuma kuma ta yi aikinta.

Yanzu 'yar Tabawa ta haifi mace, an ba kaka zaɓin suna, ita kuwa ta ce ɗaya daga cikin ukun nan za ta yi wa takwara. Ba don Kulu ba da ba ta da rai. Asabe ce ta raba ta da sunan mai aljanu, ta kai ta inda aka yi mata magani. Indo kuwa ta sa nata mutuncin a faifai don a wanke na Tabawa. Suna jibi ne. To, jama'a, sunan wa ya kamata a raɗa wa jaririyar nan?