Kogi Biyu a Ƙasar Sarki

An ce wani sarki aka yi mai ji da kansa wajen kula da ruwan ƙasarsa. Kogi ɗaya gare shi, ya sauko daga duwatsu, ya ratsa birni, ya zube a wani tafki. Duk ƙarshen damina Sarkin Ruwa kan zo fada ya faɗi yawan ruwan saman da aka samu, da inda tafki ya kai a jikin dutsen awo, sa'an nan ya miƙa ƙoƙon ruwan kogi. Sarki ya kurɓa ya yaba, maroƙa su ɗauka, shi ke nan wai an gama binciken bana. Ruwan kuwa tun kakanni daga gindin dutse ake ɗebo shi, inda kogin ke shigowa ƙasar, domin sarki ba ya shan sauran kowa.

Wata shekara, ƙoƙon na hannun sarki, sai ga wani tsoho daga ƙauyen bakin tafki, Malam Gwadabe. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ruwa na kashe musu 'ya'ya.

Sarki ya fusata ya ce, "Yanzun nan na sha! Ni za ka ƙaryata a gaban jama'a? A fille masa kai."

Tsoho ya ce, "Ya sarki, wuyana naka ne. Amma kogi nawa ne a ƙasarka?"

"Ɗaya."

"Biyu ne, ranka ya daɗe. Ɗaya a sha a yi hamdala, ɗaya a sha a yi jana'iza."

"Ina na biyun ya ɓuya ban taɓa ganinsa ba?"

"Ka bi na farkon da ƙafarka, shi zai kai ka. In bai kai ka ba, ga hauni, ga ni."

Sarki ya sa aka ɗaure tsohon, ya cire rawani ya bi gaɓar kogi kamar kowa, ana janye da tsohon a baya. A bayan fada ya ga marinarsa tana tsiyayar da baba cikin kogi. Gaba kaɗan majemarsa, gaba kuma mahauta. Ruwan da ya sani fari tas ya koma shuɗi, ya koma baƙi ƙirin. Tun sarki na tambayar na wane ne wannan, har ya daina, don amsar ba ta sakewa: nasa ne.

Da suka isa tafki, ga shi cike fal kamar yadda aka faɗa masa, amma wari ya hana shi buɗe baki, matattun kifaye birjik. Sai ya hangi wata mata ta tace ruwan da ɗankwalinta, za ta ɗura wa goyonta.

Ya daka mata tsawa, "Ke! Kada ki ba shi!"

Matar ba ta san shi ba. Ta ce, "To in ba shi me, malam? Biyu na binne bana. Amma an ce sarki da kansa ya ɗanɗana, ya ce lafiya lau ne. Mu wa muke da za mu ce a'a?"

Wallahi sai sarki ya durƙushe cikin taɓo yana salati. Da hannunsa ya kwance igiyar tsohon, ya ce, "Malam, ashe da bakina na kashe su."

Malam Gwadabe ya ce, "Ya sarki, ba a harshen mai mulki ake ɗanɗana adalci ba, sai a harshen wanda ya fi kowa nisa da fada."